Basketball-Reference: inda ake raba gardama kan tarihin Boston Celtics, da inda yake iya ruɗar da mutum

Duk mai son sanin tarihin Boston Celtics, ƙungiyar ƙwallon kwando da ke gasar NBA ta Amurka, da alƙaluma, ba da jita-jitar majalisa ba, shafin intanet na Basketball-Reference ne wurin zuwa. Kamfanin Sports Reference na Amurka ke tafiyar da shi, kuma duba yawancin abin da ke cikinsa kyauta ne. Sashen bincike mai zurfi da suke kira Stathead ne kaɗai ake biyan kuɗi, kuma mai neman tarihin ƙungiya guda ba ya bukatarsa.

Hanyar shiga ba ta da wuya. Ka danna "Teams", ka zaɓi Boston Celtics, sai jadawalin kowace kaka ya fito tun daga 1946-47: nasara, rashin nasara, mai horarwa, da inda aka tsaya a zagayen fitar da gwani. A nan za ka ƙirga kofuna 18 da idonka: 1957, sai takwas a jere daga 1959 zuwa 1966, sai 1968, 1969, 1974, 1976, 1981, 1984, 1986, 2008 da 2024. Idan ka danna kan kowane layin tsaye, jadawalin zai jeru daga babba zuwa ƙarami. Gwada da layin nasarori, za ka ga kakar 1972-73 a sama da nasara 68 da rashi 14, alhali a shekarar New York Knicks ta fitar da su a wasa na bakwai, ba su ko kai wasan ƙarshe ba. Ta 1985-86, wadda da yawa ke ɗauka ita ce gagarabadau, tana biye da 67 da 15.

Sashen "Career Leaders" shi ne ya fi daɗi. John Havlicek ne kan gaba a maki da 26,395 cikin wasanni 1,270, sai Paul Pierce da 24,021, sai Larry Bird da 21,791. Bill Russell ya cafe ƙwallon da ta kuskure kwando sau 21,620. Bob Cousy ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 6,945 a rigar Celtics.

To, a nan ne fa ake tuntuɓe, kuma shafin bai cika jan kunnen baƙo ba. Gasar NBA ba ta fara ƙirga komai a rana ɗaya ba. Cafe ƙwallon da ta kuskure kwando an soma rubuta shi a 1950-51, mintunan da ɗan wasa ya yi a fili a 1951-52. Tare jifa da ƙwace ƙwallo sai a 1973-74, jifa mai maki uku kuwa ba ta shigo gasar ba sai 1979-80. Saboda haka idan ka buɗe jerin masu tare jifa, Robert Parish za ka gani a sama, sunan Russell babu shi ko a ƙasa. Mutumin da ya ci kofi 11 cikin kaka 13 da ƙarfin tsaron kwando ya ajiye wasa a 1969, shekara huɗu kafin a ɗauki biro. Gurbin da aka bari fari ba sifili ba ne, ba a rubuta ba ne kawai. Haka jerin ƙwace ƙwallo: Pierce da Bird ne a gaba, Havlicek kuwa kakanninsa biyar na ƙarshe kaɗai aka ƙirga masa cikin sha shida. Lambar gwarzon wasan ƙarshe ma haka take, a 1969 aka fara bayarwa, kuma Jerry West na Lakers da aka doke ne ya karɓa. Russell bai taɓa samu ba, ga shi yau sunansa lambar ke ɗauke da shi.

Abu na biyu, waɗannan jimloli na wasannin kaka ne zalla, ban da na zagayen fitar da gwani, waɗanda ake ajiyewa daban. Wanda ya haɗa su ba tare da ya faɗa ba zai fito da adadin da bai dace da na kowa ba. Sannan jimlar ƙungiya daban take da jimlar rayuwar ɗan wasa: makin Pierce na Brooklyn, Washington da Clippers ba ya cikin 24,021 ɗin nan.

Akwai kuma batun shekara. Shafin yana kiran kaka da shekarar da ta ƙare, don haka 2008 na nufin 2007-08, kakar da Celtics suka tashi daga nasara 24 zuwa 66. Mai kwatanta su da Lakers ya lura cewa kofuna 17 ɗin da aka rubuta wa Lakers sun haɗa da biyar da suka ci suna Minneapolis.

Hotunan manyan 'yan wasa goma sha biyu da ke shafin ƙungiyar an jera su ne da ma'aunin "Win Shares", wato ƙiyasin nasarorin da ɗan wasa ya jawo. Russell ne na ɗaya, Bird na biyu. Amma ga mutanen da suka yi wasa kafin 1973, lissafin tsaro ƙiyasi ne, don haka kada a kafa hujja da shi kamar yadda ake kafawa da maki.

A waya jadawalin ya fi allon faɗi, sai an riƙa jan sa gefe, tallace-tallace kuma suna cin data. A kwamfuta ya fi sauƙi, musamman da yake maɓallin "Share & Export" yana ba ka damar kwashe jadawali zuwa Excel. Komai da Turanci yake, kanun layuka kuma a taƙaice: PTS maki, TRB cafe ƙwallo, AST miƙa ƙwallon da aka ci, BLK tare jifa. Ɗora kibiyar linzami a kan kowanne, bayaninsa zai fito.