Sabon sikirin ko monita? Ga zaɓina

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka canza wa laptop ɗinka ta HP sikirin ɗin da ya yi layuka, ko ka sayi monita, wato allon waje da ake haɗawa da kwamfuta. To, monita za ka saya. Tunda HP ɗin a shagonka na Yelwa a Bauchi take kwana, aikin buga takardun ɗalibai kake yi da ita, kuma layukan sun riga sun cinye rabin sikirin, ban ga dalilin zuba kuɗi a sabon gilashi ba. Amma kafin ka fitar da ko kobo, ka yi gwaji ɗaya yau da daddare.

Kai ta gida ka haɗa da talabijin, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi "Duplicate". In hoto ya fito tas a talabijin, ciwon yana gilashin ne, ko a siririyar wayar nan da ta ratsa ta cikin hinji, mahaɗin murfi da jikin kwamfutar, wadda masu gyara ke kira fileks. In kuwa layukan suka bi ka har talabijin, to matsalar tana can cikin bodi, ɓangaren da ke sarrafa hoto, kuma a nan sikirin da monita duk asara ce. Bayan haka ka riƙa ɗaga murfin kana saukewa a hankali, idonka a kan hoton. In yana gyaruwa yana lalacewa gwargwadon yadda ka karkata murfin, galibi fileks ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba; a canza shi kawai, magana ta ƙare. Ka leƙa gefen kwamfutar kafin ka nemi wayar haɗi, don ba kowace ke da ramin HDMI ba. EliteBook 840 G3 da ta cika gari, VGA da DisplayPort ne da ita.

Ni monita Dell mai inci 22 nake amfani da shi, na hannu, kuma wallahi ban taɓa sayen abin aiki da na ji daɗinsa kamarsa ba. Ɗigon hotonsa 1920 a kwance da 1080 a tsaye ne, sai in buɗe Word a dama, takardar da nake kwafa a hagu, ba sai ina tsalle daga wannan zuwa wancan ba. Ranar da wata ɗaliba ta kawo furojet mai tebur cike da lambobi, a kujera ta zauna gefena tana nuna min kurakurai da bayan biro, babu mai sunkuyawa, babu mai matse ido. Ciwon wuyan da nake tashi da shi bayan la'asar ma ya tafi, tunda yanzu allon yana daidai idona. Wuta kuma ba ya ci sosai, irin waɗannan na LED wat 20 zuwa 25 ne, ƙaramin inbata ya ishe su. Abu ɗaya za ka gyara: shiga "Power Options", wurin da ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi, ka sa "Do nothing". Sai ka haɗa kibod da mawus na waje, ka rufe ta, ka ɗora a wurin da iska ke ratsawa. Ƙurar hunturun Bauchi ma ta rage shiga maɓallanta.

Canza sikirin, to, yana da amfaninsa ga mai yawo da jaka tsakanin Yelwa da Gubi, kuma in an ɗauke wuta batiri zai riƙe shi. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Kuɗin mai kyau kan yi kusa da na monita na hannu, kuma hinjin da ya yi tauri har ya matse na farko zai iya matse na biyu.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don abin yana ci min rai. Akwai masu gyara da za su cire maka gilashi mai 1920 da 1080 su maƙala mai 1366 da 768, su caje ka kuɗin na asali. Za ka ga rubutu ya yi ƙato, launi ya koɗe da zarar ka kalla ta gefe, su ce ido ne bai saba ba. Wani ma fileks kawai zai canza ya ce sikirin ya sa. Duk wanda zai canza, a buɗe a gabansa, ya ɗauki hoton lambar da ke manne a bayan gilashin, ya tabbata bakin wayar iri ɗaya ne, don akwai mai fil 30 akwai mai 40, sannan ya karɓi tsohon ya tafi da abinsa.

Masu monita ma ba a bar su a baya ba. Kar ka yarda da hoton furanni da suke kunnawa a shago, yana ɓoye tabo. Je da kwamfutarka da wayar haɗinka, buɗe farin shafi ya cika allo, sannan baƙi, ka duba ɗigo-ɗigo da inda haske ya yi ja ko ya dushe a kusurwa. Ka bar shi a kunne kamar minti goma, don wasu sai sun ɗau zafi suke fara ƙiftawa. Mai kauri da nauyi, tsohon yayi mai fitilar kwalba a ciki, bar musu kayansu ko da sun karya farashi.

Nemi inci 22 ko 24, Dell ko HP, mai ramin da ya dace da kwamfutarka, kuma a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit kafin ka biya. Allah ya sa albarka a sana'a.