The Simpsons ko Family Guy: wanne za ka kalla?

Ana yawan tambayata wanne ya fi tsakanin waɗannan katun biyu na tashar Fox ta Amurka.

Dukansu suna tsokanar finafinai da taurari, amma kowa da salonsa. The Simpsons, da ya fara a 1989, yakan saƙa kwaikwayon cikin labarin, ko ba ka gane wanda ake yi wa shaguɓe ba za ka dara. Family Guy kuwa sai a katse labari, a nuno wani mawaƙi na 'yan daƙiƙu, a dawo. In ba ka san mutumin ba, raha ta wuce ka. Bakin Family Guy kuma ba linzami, ba na kallo da yara ba ne.

Batun maimaici fa, wato sake haska tsofaffin kashi? A al'ada, shiri in ya tara kashi kusan 100, sai a sayar wa wasu tashoshi izinin sake haska shi kullum. Fox ta dakatar da Family Guy a 2002 yana da kashi 50 kacal, amma maimaicin Adult Swim (sashen shirye-shiryen dare na tashar Cartoon Network) da cinikin DVD suka dawo da shi a 2005.

Mai son labari mai kai da gindi, The Simpsons ne nasa. Wanda ya san taurarin Amurka kuma yake jure baƙar raha, Family Guy zai fi masa daɗi.