Daga Birmingham: likitar da ban taɓa ganinta ido da ido ba

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da Inna da yara. Ka tambaye ni yadda aka yi na zauna a aiki ɗaya har shekara uku, ni da ka sani da fara abu goma ban gama ɗaya ba.

Abin da kuke kira shashanci tun ina ƙarami, a nan ciwo ne mai suna, ADHD. Hankali ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga mantuwa da garaje, kuma yakan bi mutum har girma. Na yi fiye da shekara ina jira kafin likita ya tabbatar min. A wannan kam gida ya fi: a Sakkwato in kana da kuɗin kati da na magani, ba ka irin wannan jira. Nan kuwa ganin likita kyauta ne, amma sai mai haƙuri.

Ina shirin fara zama da likitar halayyar ɗan Adam sai korona ta shigo, aka kulle Ingila ranar 23 ga Maris 2020. Sai aka mayar da zaman ta bidiyo, sau ɗaya a mako. Na raina abin da farko. Ashe ya fi dacewa da irina, domin ba neman makulli, ba makara a tashar bas. Kuma tana ganin ɗakina da tarin takardun da ban buɗe ba, sai mu ɗauki ɗaya mu gama da ita nan take. Tsarin da take bi, CBT, koyon dabarun zaman yau da kullum ne: a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a rubuta komai, a ɗaura kowane aiki da lokacin da ba ya motsi. Da ta tambaye ni me ke tsaye a yinina, na ce salla biyar. Daga nan biyan kuɗin wuta ya koma bayan Azahar, kiran Inna bayan La'asar. A ranar na gane ladanin unguwa da tunin Inna ne suka riƙe ni shekara da shekaru.

Abin da ke ci min rai shi ne ƙaninmu. Alamun da nake gani a kansa irin nawa ne sak. Akwai ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, amma ka san mutanenmu, da an ji Kware sai a ce ya zautu. Ganawa ta waya za ta rufa masa asiri, in an samu sabis da caji da ɗakin da ba mai leƙowa.

Don Allah, Yaya, ka daina yi masa faɗa a gaban matarsa. Ka bincika min likitan da zai yarda ya riƙa ganinsa ta bidiyo, kuɗin data da na ganawa ni zan turo kowane wata.