Littafi, manhaja ko malamin lesin: wanne zai koya maka lissafin rangwame?

Kafin ka kashe kuɗinka a kan kayan shirin jarabawa, ni dai shawarata ka fara gwada su da tambaya biyu kacal. Ta farko, an yi wa kaya ragin kashi 20 cikin 100 sannan aka ƙara rage kashi 10, nawa aka rage gaba ɗaya? Yawancin ɗalibai kashi 30 suke cewa ko tsayawa ba sa yi, kuma masu tsara tambayoyin sun san da haka shi ya sa za ka tarar da 30 ɗin zaune cikin zaɓi tana jiranka. Amsar 28 ce, don 100 ta koma 80, kashi 10 na 80 kuma 8 ne ba 10 ba, saura 72. Ta biyu ta komawa baya ce, an biya 60 bayan ragin kashi 25, nawa ne asalin kuɗin? Raba 60 da 0.75 ka samu 80. Wanda ya ɗora kashi 25 a kan 60 ya samu 75 to ya faɗi, wallahi abin na min ciwo don maki ne na ɓagas ake zubarwa.

In littafin tsofaffin tambayoyi za ka saya, buɗe bayansa wajen amsoshi tukuna. Ka ga harafi kawai aka rubuta babu aiki layi-layi, ajiye musu abinsu. Mai bayani kuwa gaskiya ya fi komai a wajena, ba caji ba data, ga biro ga takarda kamar a ɗakin jarabawa.

Manhaja kuma akwai Khan Academy, kyauta ce, suna haɗin gwiwa da College Board masu shirya SAT, jarabawar shiga jami'a ta Amurka, bidiyon dai zai ci maka data. Amma irin waɗanda za ka ɗauki hoton tambaya su turo amsa ɗin nan, ka yi hattara fa, ranar jarabawa ba a shiga da waya.

Malamin lesin shi ya fi tsada amma shi kaɗai zai tsaya a kanka ya ga daidai inda kake zamewa. Ranar farko tambaye shi daga ina 0.75 ɗin nan ta fito. In ya ce 100 aka cire 25 saura kashi 75 shi aka biya, riƙe shi. In ya ce kai dai haddace kawai, nemi wani.