383 da tsohon tof, ko 350 da sabon tof: wanne ya fi doki?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce kana da injin Chevrolet 350, kana son ka mai da shi 383 (lambobin nan girman cikin injin ne a ma'aunin inci kubik) kuma kana sa ran doki 500, wato ma'aunin ƙarfin inji na horsepower, amma kuɗin hannunka abu ɗaya za su yi, ko dai ƙara girman injin ko kuma canza tof silinda, wato murfin saman inji mai ɗauke da bawul da hanyoyin iska, da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin. To gaskiya 500 ɗin nan ba za ta samu da ƙarin girma kaɗai ba.

Yadda ake yin 383 shi ne a ɗan faɗaɗa silinda daga inci 4.00 zuwa 4.030, a cire kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, mai tafiyar inci 3.48 a sa mai 3.75, sai injin ya tashi daga lita 5.7 ya koma kusan 6.3. Ƙarin bai wuce kashi 9 da ɗoriya cikin ɗari ba fa. Kenan in injinka yana ba da doki 300 yanzu, ka bar masa tsohon tof da tsohon kamshaf, to da ƙyar ka ga 330, wani lokacin ma ba ya kaiwa, saboda iskar da tof ɗin yake iya shigarwa ba ta ƙaru ba, babban injin zai shanye ta da wuri ne kawai sai numfashinsa ya ƙare tun bai yi nisa ba. Abin da za ka samu sosai shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa, kana taɓa totur motar ta zabura, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mota mai nauyi ko mai jan kaya.

Shi kuma doki lissafinsa daban ne, ƙarfin juyi ake ninkawa da yawan juyawar inji a minti sannan a raba da 5252, don haka injin da ya ci gaba da shaƙar iska har zuwa juyi 6000 shi yake tara doki. Nan 350 mai tof mai kyau yake shan gaba. Duba injinan da GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, da kansu suka sayar a kammale: HT383 mai tof ɗin ƙarfe samfurin GM da ake kira Vortec da ƙaramin kamshaf doki 340 suka rubuta masa, ZZ4 kuwa wanda 350 ne kawai yana da 355, sannan ZZ383 mai tof ɗin alminiyam da kamshaf babba ya kai 425. Girman HT383 da ZZ383 ɗaya ne amma doki 85 ne tsakaninsu, kuma kusan duka daga numfashi tazarar ta fito.

Masu haɗa inji suna da ɗan ma'auni, wai injin titi mai lafiya yana ba da kusan doki ɗaya a kowane inci kubik na girmansa, in an zaɓi kaya da kyau ya kai 1.1 ko 1.2. Ka lissafa wa 383 za ka ga tsakanin 380 da 460 ne. 500 tana yiwuwa amma sai da manyan tof, kamshaf mai zafi, matsin iska mai yawa a cikin silinda da fetur mai inganci, kuma a sulo motar za ta riƙa kakkarwa. Sannan duk lambobin nan a bakin kiranshaf ake auna su, kafin ƙarfin ya isa taya giya da aksul sun cinye kamar kashi 15, otomatik ma ya fi ci.

Akwai kuma wahalar aikin da ba a cika faɗa ba. 383 sai an sauke inji an wargaza shi kaf, a goge cikin bulok don kada konrod, ƙarfen da ya haɗa fistin da kiranshaf, ya taɓa, a duba tsakaninsa da kamshaf, a yi balansin, kuma in ka sa fistin mai shafaffen kai da tof mai ɗakin ƙuna 64cc matsin zai haura wajen 11:1, injin ya fara ƙwanƙwasa. Canjin tof da kamshaf kuwa ana iya yin sa inji yana cikin mota, sai dai ka kula Vortec na asali ba ya ɗaukar kamshaf mai ɗaga bawul sosai sai an yi masa gyara, kuma manifol ɗinsa daban ne.

Ni dai in ƙasan injinka lafiya yake, ba ya shan baƙin mai ba ya hayaƙi, tof da kamshaf da salansa mai faɗi zan fara saya, kuma in zaɓi tof ɗin da zai wadaci 383 nan gaba, kamar mai hanyar iska 195cc. In kuma ringi da metal sun gaji dole a buɗe shi, to ka sa kiranshaf ɗin 3.75 tunda an riga an buɗe, tof ya biyo baya. Faɗa mana nauyin motar da irin giyarta da lambar tof ɗin da ke kai, sai a san kamshaf ɗin da zai dace.