Sikirif ɗinka na ssh yana maƙalewa? Ga abin da za ka ɗauka

Duk wanda ya taɓa barin sikirif yana tura fayil zuwa saba da daddare ya san wannan takaicin, ka tashi da asuba ka tarar yana nan tsaye tun ƙarfe biyu, bai gama ba kuma bai mutu ba, sabis ne ya ɗauke a tsakiya shi kuma ssh, wato shirin da ke haɗa ka da saba (kwamfutar da ke nesa), yana ta jiran gawon shanu.

Yawancin mutane ConnectTimeout=10 suke sawa su ce shikenan. Wallahi da sauran aiki, lokacin buɗe hanya kawai yake kula da shi, in an riga an shiga sannan layi ya yanke to babu ruwansa. Maganin wannan shi ne ServerAliveInterval, wato bayan daƙiƙa nawa na shiru ssh zai taɓa saba ya ji ko tana nan, ka sa 15, shi ServerAliveCountMax, wato sau nawa zai gwada kafin ya haƙura, dama 3 ne tun asali, ka ga bayan daƙiƙa 45 saba ta yi shiru ssh zai haƙura ya fita da lamba 255, alamar cewa an samu matsala. Ka ƙara BatchMode=yes don kar ya tsaya neman fasuwod a cron, mai tayar da sikirif da kansa a kan lokaci, inda babu mai buga masa. Ni da waɗannan nake farawa.

Sai umarnin timeout na coreutils (tarin ƙananan umarnai na GNU), wannan gatari ne, ba ya tambayar dalili. timeout -k 10 300 yana nufin bayan minti biyar ya aika SIGTERM, saƙon a tsaya, in an yi taurin kai daƙiƙa 10 ya bi da SIGKILL, mai kashewa da ƙarfi. Lamba 124 yake dawowa da ita in lokaci ya ƙare, 137 in sai da aka kai ga KILL. Matsalarsa bai san aikin da ke tafiya lafiya a hankali ba, babban fayil a sabis mai rauni zai sare shi haka nan. A macOS ma ba ya zuwa da shi, sai ka sauke coreutils ka kira shi gtimeout.

trap kuma, umarnin bash (shirin da ke gudanar da sikirif ɗin) mai kama irin waɗannan saƙonnin, ba abokin takararsu ba ne, shi mai shara ne, ya goge fayil na wucin gadi in an danna Ctrl+C ko TERM ya zo. Amma fa bash ba ya taɓa trap ɗin sai umarnin da ke gaba ya ƙare, don haka ka tura ssh baya da & sannan ka sa wait. Kuma kar ka wahalar da kanka da trap a kan KILL, ba ya kamuwa.