Cinikin biri a sama: shekara biyu ina sayen kaya ta waya

Ni tun ina yarinya ba na shiri da kasuwa. Innarmu kuwa a can take samun nishaɗi. In ta ce za mu Kwari sayen kayan Sallah, to ranar ta tafi ke nan. Mu bar Zariya da sanyin safiya, mu isa Kano rana ta fara dukan ka, ta shiga wannan layi ta ɓulla wancan, ta sa a sauko mata da turmi goma ta ɗaɗɗaga, ta taya, mai shago ya ce albarka, ta ja mayafinta kamar ta tafi, ya ce "Hajiya dawo mana." Ni kuwa ina gefe rungume da leda, 'yan dako na ta bangaza ta, kaina na sarawa, ba abin da nake so irin in gan ni a mota.

Saboda haka da wata abokiyar aikina ta ba ni lambar wata mai sayar da kaya a WhatsApp, ji na yi kamar an sauke mini dutse. A farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da takardar naira ta yi ɓatan dabo, kowa ya koyi tiransifa ko yana so ko ba ya so. Daga lokacin zuwa yau na sayi kaya a hannunta sau tara, kuma ina ganin hakan ya isa in faɗi abin da na gani. Sunanta dai zan bar shi, don ba tallarta na zo yi ba, ba kuma tona mata asiri ba.

Yadda take sana'ar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ba ta da shago. Kwari take shiga ta ɗauki hotunan kaya a shagunan da ta saba da su, ta ɗora a sitatus da farashi a ƙasa. In abu ya yi miki, ki tura kuɗi, ki aika mata da shaida, ita kuma ta je ta karɓo, ta ba direba a tashar Unguwa Uku. Direban ya kira ki in ya kusa Kwangila, ki je ko ki aiki yaro, ki biya kuɗin mota. In kin biya kafin azahar, galibi kafin isha'i kayanki na hannunki. A wannan fannin ban taɓa samun ta da wasa ba. Sau ɗaya kaya suka kwana a tasha, shi ma motar ce ta lalace a hanya, kuma ita ta fara kira na tana ba ni haƙuri.

Sayen farko atamfa ce, Hitarget turmi biyu, na zaman gida da zuwa aiki. Na kai wa Inna da ɗokina, ina jiran ta yaba. Ta warware turmin a kan tabarma, ta duba gaba ta duba baya ta ga ko zanen ya ratsa, ta bi bakin zanen da yatsa tana neman rubutun, ta karce da farce. Can ta sa aka kawo mata ruwa a kofi da ɗan sabulu, ta tsoma gefe ɗaya ta matse a kan farin ƙyalle. Bai zuba ba. Ta ninke ta ajiye, ta ce, "Nawa ta sallama miki?" Na faɗa. Ta ce, "Kayan dai ba laifi. Amma da ni na je, da kuɗin ɗinkinki ya fita a ciki." Na yi dariya na bar zancen, don a lokacin gani nake ko nawa ne ƙarin, ya fi mini ciwon kan Kwari.

Atamfar nan har yanzu ina sa ta, ta sha wanki ba ta koɗe ba. Daga baya na gane abin da ya sa atamfa ke da sauƙin saye a waya: tana da suna, kuma sunan yana rubuce a bakinta. In kin ce a ɗauko miki hoton bakin zanen da takardar da ke manne, kin rage rabin kasadar. Rabi na ce, domin takarda ba ta da wuyar bugawa. Shi ya sa ko kusa ban taɓa gwada sayen Holan ta wannan hanya ba. Atamfar Vlisco, wadda ake bugawa a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin da ke nan tun 1846, tana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo, kuma kuɗinta ya wuce a yi masa cinikin biri a sama.

Takalmi sau ɗaya na gwada. Lamba 40 aka rubuta a ƙasansa, ni ma 40 nake sawa, amma dunduniyata a waje ta tsaya. Ƙanwata ta samu rabo.

Inda muka yi karo shi ne shadda, ana saura kwanaki babbar Sallah ta 2024. Duk wanda ya shiga kasuwa a shekarar ya san halin da aka shiga. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 dala ta yi ta hawa, har ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan da ake shigowa da su kuma suka bi ta. Shaddar Getzner, da ake saƙawa a Ostiriya, ta koma sai dai kallo ga mai albashi irin nawa. Sai ga shi wani dare mai sayar da kayan ta ɗora hoto: Getzner, ragowar tsohon kaya, farashin da. Kuɗin ko rabin na kasuwa bai kai ba. Na san araha ba ta ado, tun ina goye nake jin wannan maganar a bakin Inna. Amma hoton ya tafi da ni. Launin sararin samaniya, tana walƙiya a ƙarƙashin fitilar shago kamar an zuba mata ruwa. Na riga na hango maigida a cikinta ranar Idi, babbar riga da 'yar ciki da wando. Na tura kuɗin yadi goma ban shawarci kowa ba.

Da na yage ledar, abin da ya fara zo mini shi ne wari. Shadda mai kyau tana da wani ƙamshi nata da duk wanda ya taɓa buɗe sabuwa ya sani. Wannan warin sitaci take yi. Launin kuma ya fi kusa da ruwan toka, sai in kin kai ta ƙarƙashin kwan lantarki ne shuɗin yake ɗan leƙowa. Ta yi tauri kamar kwali. Na lallashi kaina na ce ƙila haka sabon samfurin yake, na kai wa telan maigida. Dattijon ko awo bai ɗauko ba. Ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ya ninke kusurwa ya danne da babban yatsa, ya buɗe, sai ga farin layi ya kwanta a wurin. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, tambarin dai na Getzner ne. Shaddar kuwa Allah ne ya san garinsu. In yanka, ko za ki mayar?"

Na fito waje na kira ta. Ba ta ɗauka ba, sai ga saƙon murya ya shigo, mai tsawo: wallahi Anti haka mai shagon ya ce mata, ita ma amana ta ɗauka, ba ta taɓa cutar kowa ba. Na yarda da ita, har yanzu ma na yarda, domin a ganina ita ma ba ta san shadda ba, hoto ta sani. Sai dai yardar ba ta dawo mini da kuɗina ba. Ƙa'idarta ita ce ba a mayar da kuɗi, sai dai canji, kuma ni zan biya motar zuwa da ta dawowa, in cika abin da ya hau in ina son ta gaske. Wannan ƙa'ida ban taɓa jin ta ba sai ranar, ba ta rubuta ta a ko'ina ba, kuma wannan shi ne babban laifin da na riƙe ta da shi. Sallah saura kwana biyar, layin tela kuwa kowa ya san yadda yake a irin wannan lokaci. Na koma ciki na ce ya yanka.

Wanki ɗaya walƙiyar ta bi ruwa, rigar ta yi laƙwas kamar tsohon zanen gado. Na kai wa masu bugu, suka yi iya ƙoƙarinsu ta ɗan farfaɗo, wanki na biyu ta koma gidan jiya. Maigida mutum ne da sayayyarsa ba ta da rassa: sau ɗaya a shekara, shago ɗaya, farar shadda, a faɗa masa kuɗi ya biya ya fito, ko zama ba ya yi. Da na miƙa masa ɗinkin, "Allah ya amfana" kawai ya ce. Ya sa ta ya je Idi, ya ƙara sa ta wata Juma'a, daga nan ta koma ƙasan akwati. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ba zan zalunci mai sayar da kayan ba, akwai inda ta fitar da ni kunya. Da aka sa bikin 'yar ƙanwar Inna, ni aka ɗora wa ankon, kuma duk macen da ta taɓa riƙe kuɗin anko ta san yadda zumunci ke tsami a kansa. Wannan ta ce sai ƙarshen wata, waccan ta ce ta ba wance, wata ta ce launin bai karɓe ta ba. Sai na tura musu lambarta gaba ɗaya. Turmi talatin da ɗaya ta haɗa, zane iri ɗaya, kowa ta biya kai tsaye, ta aika na Kaduna daban, na Funtuwa daban, namu daban, ba wanda ya ɓata, ba wanda ya zo da tabo. Har jerin sunayen waɗanda suka biya ta riƙa turo mini duk dare. Wannan aiki ko Inna da ƙwarewarta ba za ta yi shi a kwana uku ba.

Asarar da ta fi ta shadda kuwa ban lura da ita ba sai da na zo kwashe sif ina neman wani mayafi. Turmi bakwai na ƙirga, a ninke, da takardunsu, ko tela ba su gani ba. Babu ɗaya da na tashi da niyyar saya. Duk na dare ne, bayan yara sun yi barci, ina kwance ina latsa waya, in ga ta rubuta "saura biyu", gabana ya faɗi kamar wani abu zai wuce ni. A kasuwa abubuwa da yawa ke tsare mutum: kuɗin da ke cikin jaka in sun ƙare sun ƙare, ƙafa tana gajiya, rana tana kora, ga kunyar mai shago in kin sa ya sauko da kaya. A waya ba ko ɗaya. Ni da nake taƙama ba na son sayayya, ashe kasuwar ce ba na so, sayen kuwa ina son sa fiye da Inna. Ita tana iya yini a Kwari ta dawo da turmi biyu. Ban taɓa ganin ta sayi abin da ba ta fito dominsa ba.

Ga kuma rashin tayi. Farashin mai kayan ɗaya ne, in kin nemi ragi ta turo miki hoton fuska mai kuka ta ce ribar ba yawa. Na gwada kwatantawa daga baya: a turmi ɗaya ko biyu, abin da ta ɗora bai kai kuɗin motar Zariya zuwa Kano da dawowa ba, don haka kin ci riba. In kayan sun yi yawa, kamar na Sallar gida guda ko na lefe, lissafin juyewa yake yi.

Da na ba Inna labarin turmi bakwai ɗin, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai wannan dillaliya ce, waya kawai aka ba ta. A zamaninsu dillaliya ke shigowa gidajen kulle da ƙunshi a ka, ta baje a tsakar gida, mata su kewaye ta. Ta ce amma waccan tana bar miki zane ya kwana a ɗakinki, ki duba shi da rana, ki nuna wa kishiya, ki biya kaɗan-kaɗan, kuma ba ta isa ta kawo miki jabu ba don gobe ma ƙofar nan za ta shigo. Daga nan zancen ya zarce kan atamfar Kaduna, ta masaƙun Kakuri da aka fara tun 1957, wadda ta ce ba a tambayar asalinta don kowa ya san inda aka buga ta. In Inna ta hau wannan zance sai an kira salla.

Yanzu dai ga inda na tsaya da mai sayar da kayan. Atamfar da na san sunanta, hijabin yara, zanen gado, anko, duk zan ci gaba da saya a wurinta, kuma wadda ta tambaye ni lambarta don irin waɗannan zan ba ta. Sai dai ta tambayi ƙa'idar mayarwa kafin ta tura ko sisi, ta kuma ce a ɗauko mata bidiyon kayan a waje, cikin rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Shadda da leshi da duk abin da sai hannu ya taɓa ake gane shi, na haƙura. Sitatus ɗinta kuma na rufe shi, sai in ina da buƙata nake nemanta.

Kafin azumin da ya wuce na bi Inna Kwari, karo na farko cikin shekara biyu. Awa huɗu muka yi. Ta shiga shago shida a kan farar shadda yadi goma, ta shinshina, ta murza, ta ɗaga ta saitin ƙofa, ta fita sau biyu ana kiranta. Kaina ya yi ciwon da ya saba. A mota tun kafin mu wuce Kwanar Dangora ta yi barci, ledar na kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu. Wannan shaddar ce maigida ya sa ranar Idi, kuma an wanke ta sau huɗu zuwa yanzu.